Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Muka Fara Saƙar Shafi a Yanar Gizo

(Wannan ita ce laccar da aka gabatar a taron shekara-shekara na ɗalibai 'yan ƙasar Gumel. Mun buga ta kamar yadda aka karanta ta a zauren taro.)



Muna godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, sa'an nan muna godiya ga shugabanninku da suka ga dacewar su kira mu mu yi magana a kan wata sana'a wadda, sa'ad da muka fara ta, ko suna ba ta da shi a Hausa. A lokacin, in dattijo ya tare mu a tashar motar Gumel ya tambayi aikinmu, sai mu ce gyaran kwamfuta mu ke yi, don dai a wuce wurin. Sana'ar kuwa ita ce tsara shafi a yanar gizo, watau shirya rubutu da hotuna yadda mutum zai buɗe su daga ko'ina a duniya ya karanta.

An nemi mu ba da labarin mafarinmu. Za mu bayar, amma ta fuskar kurakuranmu, domin su ne suka fi koya mana aiki. Manyan kurakurai uku muka tafka. Abin da ya sa muka ga lalle ku ji su shi ne, har gobe ana maimaita su, da kayan aikin da suka fi namu kyau nesa ba kusa ba. Da yawa daga cikinku kuwa, nan da 'yan shekaru, ku ne za ku zauna a ofis ku sa hannu a kan takardar ba da aikin shafi, ko ku ne za a ba aikin.

Zamanin da muka tarar

Ran 6 ga Agusta, 1991, wani Bature ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a ƙasar Suwizalan, ya sanar wa duniya wata dabara da ya ƙago ta haɗa takardu da juna ta cikin kwamfuta. Ita ce yau mu ke kira yanar gizo. Mako uku bayan haka, ran 27 ga watan, aka yanke Jihar Jigawa daga Kano. Ke nan jiharmu da yanar gizo sa'o'in juna ne, wata guda aka haife su. Sai dai ɗaya ta riga ɗaya tashi da gudu. A 1993 CERN ta sakar wa kowa dabarar kyauta, a 1994 burauzar Netscape ta fito, kafin ka ce kwabo yaran makaranta a Amurka sun fara gina shafukan kansu.

Mu kuwa a wannan lokaci, in kana da saƙo daga Gumel zuwa Maigatari, wasiƙa za ka rubuta ka ba direba. Kafin 2001 layukan tarho masu aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, alhali mutanen ƙasar sun haura miliyan ɗari. Da wayar salula ta zo a watan Agusta na 2001, a hannun MTN da Econet, kuɗin layi kaɗai ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci.

A Kano muka fara ganin intanet, muna ɗalibai, a ɗakunan nan da a ke kira kafe. Da rana kuɗin awa ya fi ƙarfinmu, sabo da haka sai mu biya na dare, mu shiga bayan lisha mu fito da asuba. Babu malami, babu littafi. Malaminmu wata 'yar ƙofa ce a jikin burauza, wadda in ka danna ta sai ta buɗe maka asalin rubutun da aka gina shafin da shi, watau HTML. Ka ga shafin da ya burge ka, ka leƙa bayansa, ka ga yadda mai shi ya jera tubalinsa. Sai mu kwafe da biro a littafin rubutu, layi-layi, kamar almajiri da allo. In an yi hutu mun dawo gida, a gaban fitilar ƙwai mu ke tsara namu a takarda, da safe mu je shagon da ke da kwamfuta maras intanet mu buga a Notepad, mu adana a faifan filofi. Faifan nan, wanda ba ya ɗaukar fiye da megabayit 1.44, a leda mu ke naɗe shi sabo da ƙurar hunturu, sa'an nan mu hau mota mu yi tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai zuwa Kano don mu ɗora shi. Wani lokaci ka isa ka tarar faifan ya ƙi buɗewa.

Ba mu kaɗai ba ne a fagen. A farkon shekarun 2000 akwai shafuka irin su Gamji da Kano Online, inda masu ilmin Arewa ke baje kolin ra'ayinsu, har ma da wani mai ɗauke da sunan garinmu, gumel.com, wanda ya riƙa buga maƙalu da wasiƙu da Hausa. A nan gida kuma, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka buɗe makarantar koyon kwamfuta a Kazaure tare da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na Singafo, aka kuma kafa kamfanin Galaxy a Dutse don samar da intanet. Waɗannan sun ƙarfafa mana gwiwa ƙwarai, muka ga ashe ɗan karkara ma yana iya sa hannu a wannan saƙa.

Kuskure na farko: raƙumin Baffa

Aikin farko da muka yi wa wani, wajen 2003 ne. Muna da baffa mai fataucin riɗi da zoɓo a Maigatari. A lokacin ana ta maganar yankin ciniki na kan iyaka da gwamnati ta kafa a garin, kowa na sa ran baƙin 'yan kasuwa. Muka lallashe shi, muka ce in yana da shafi, mai saye daga Legas ko daga ƙetare zai same shi ba tare da ɗan tsakiya ba. Ya yarda, ya ba mu kuɗin mota da na kafe.

Wata guda muka yi muna ado. Muka sa rubutu mai gudu daga dama zuwa hagu, da taurari masu ƙyaftawa, da kiɗan da zai tashi da zarar an buɗe, da ɗan akwatin ƙidayar baƙi. A can sama muka ɗora wani ƙaton hoton raƙumi da muka ɗauka a kasuwar dabbobi ran Alhamis, sabo da a ganinmu shi ne zai nuna wa duniya Maigatari. Ranar da Baffa ya shigo Kano, muka kai shi kafe, muka sayi rabin awa, muka zaunar da shi a gaban kwamfuta muna murmushi.

Raƙumi ya fara saukowa daga sama, kaɗan-kaɗan. Minti biyar, kunnuwa. Minti goma, wuya. Baffa ya gyara zama ya ce, "Ku yaran nan, ina sunana?"

Muka ce, "Yana tafe, Baffa, hoton ne bai gama sauka ba."

Ya dube mu ya ce, "To, ni raƙumi na ke sayarwa?"

Kafin tozo ya bayyana sosai, lokacinmu ya ƙare. Bari mu yi muku lissafin, don ku ga ba tsautsayi ba ne. Layi irin na wancan zamani, mai gudun kilobit 56, ba ya kawo fiye da kilobayit 7 a daƙiƙa guda. Hotonmu ya kai kilobayit 700, watau daƙiƙa 100 ke nan in kai kaɗai ne a kan layin. To, kwamfuta kusan ashirin ke shan ruwa a wannan rijiya ɗaya. Ninka daƙiƙa 100 sau ashirin, ka ga an haura rabin awa. Duk wannan lissafi muna iya yin sa tun muna gida, amma ba mu yi ba, domin hankalinmu yana kan abokanmu da za su yaba, ba ya kan mai karatu.

A hanyarmu ta fita Baffa ya ba mu darasin da babu kwas ɗin da ya ba mu irinsa. Ya ce duk wanda ya tsaya a rumfarsa tambaya uku ya ke yi: akwai kaya, nawa ne buhu, yaushe zan same ka? In takarda ba ta amsa waɗannan ba, to, ko da ruwan zinariya aka rubuta ta, ba tasa ba ce. Maginin gargajiya ma sai bango ya tsaya, an jera azara, an yi yaɓe, sa'an nan ya ke zana dagi a fuskar soro.

Kada ku ce ai wannan ya wuce tun da layi ya yi sauri. Matsakaicin shafi a yau ya haura megabayit 2, watau ya fi ƙarfin faifan nan da mu ke naɗewa a leda. Mai karatunku kuwa yana wani ƙauye a Sule Tankarkar, da ƙaramar waya, da datar da ya saya da ɗan canjin da ya rage masa, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci ma wayar ta kama layin Nijar. Duk hoton banza da kuka ɗora, daga aljihunsa a ke biya. Raƙumin Baffa bai mutu ba, yana nan a shafukan neman aiki da na rajistar makaranta, inda yaro zai kwana uku yana ƙoƙarin cike fom guda har wa'adi ya wuce.

Kuskure na biyu: ƙugiya

Bayan wannan sai muka ɗauri niyyar yin shafi da Hausa a kan tarihin ƙasarmu. Nan muka ci karo da wata matsala wadda ta girme mu. Haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, da su kuma aka yi ta buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939. Amma injin buga rubutu na ofis ba shi da su. Tsofaffin akawuna sun san yadda a ke gama bugu sa'an nan a bi da biro ana lanƙwasa kawunan haruffa. Kwamfuta ma da ta zo, da baƙaƙe 128 ta fara, waɗanda aka tsara domin Ingilishi.

A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi wa Hausa babban aiki, ya ƙera zubin haruffa masu suna Rabi'at da Abdalla. Dabarar ita ce, an ɗauki gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba aka zuba masu ƙugiya a ciki. Wajen buga littafi da jarida wannan ya warware matsala sarai. A yanar gizo kuwa, sai in mai karatu ma yana da zubin a kwamfutarsa. In babu, sai asalin alamar ta fito, ƙasa ta koma }asa, ɗalibi ya koma ]alibi. Har yanzu za ku riƙa cin karo da tsofaffin rubuce-rubuce masu wannan tabo.

Da muka ga haka, sai muka zaɓi hanyar ragwaye, muka zubar da ƙugiya gaba ɗaya. Muka buga shafin farko a takarda, muka kai wa wani tsohon malaminmu na Hausa a Gumel, muna jiran yabo. Ya sa tabarau, ya karanta kan maganar, inda muka rubuta "Tarihin Kasar Gumel". Ya ajiye takardar ya ce, "'Ya'yana, kasa dai macijiya ce. Yaushe Gumel ta yi kasa har ta sami tarihi?" Ya ɗauki jan biro ya bi mu layi-layi. Inda muka nufi an yi faɗa, mun rubuta fada. Inda muka nufi an sauki baƙi, mun rubuta baki. Ya ce wanda ya iya Hausa zai gane da ƙyar, amma yaron da ke koyo, da baƙon da ke son harshen, mun ɓatar da su.

Abin kunyar shi ne, magani yana nan tun kafin mu fara. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba haruffan harsuna masu yawa kowanne lambarsa ta kansa, namu masu ƙugiya kuwa suna ciki. Gaskiya ne kwamfutocin kafe na lokacin ba duka ke iya nuna su ba, sai wajen 2008 tsarin UTF-8 ya rinjayi sauran a yanar gizo. Amma yau wane uzuri ya rage? Wayar da ke aljihunku tana da allon rubutun Hausa, saiti ne na minti guda. Duk da haka sai ka ga sanarwar hukuma, da tambari da sa hannu, babu ƙugiya ko ɗaya. Ku sani kuma, injunan fassara na zamani daga abin da mu ke rubutawa su ke koyon Hausa. In mun shuka gurguwar Hausa, ita za su girbe su mayar wa jikokinmu.

Kuskure na uku: zanen aro

Wannan shi ne wanda har yau in mun tuna sai zuciyarmu ta sosu. Shafin tarihin nan, mun ba shi hutu huɗu ko biyar na rayuwarmu. Da 'yar rakoda muka zaga. A Gagarawa mun zauna da tsofaffin da suka yi dako a tashar jirgin ƙasa, a kan layin Kano zuwa Nguru da aka gama a 1930, suka ba mu labarin zamanin gyaɗa, da yadda a ke jera buhuna ana jiran wagunu. A Sule Tankarkar mun sami masu haƙar rijiya, suka bayyana mana yadda su ke gane inda ruwa ya ke, da yadda a ke auna zurfi da gaba. A Maigatari dillalai sun faɗa mana hanyoyin da shanu da raƙuma ke bi daga ƙasar Damagaram. A cikin Gumel kuwa mun ji zancen Mangawa da kafuwar sarauta daga bakin waɗanda suka ji daga kakanninsu.

Duk muka rubuta muka ɗora a filin da wani kamfani ke bayarwa kyauta. Kaset kuwa da tsada, sabo da haka in mun kwafe hira sai mu sake ɗaukar wata a kansa. A ranmu, abin da ya hau intanet ya tsira ke nan har abada. Muka gama makaranta, muka kama aiki, aure ya zo, muka daina leƙa akwatin wasiƙar da muka yi rajista da shi. Kamfanin ya aiko da sanarwar zai rufe, ya ba da wa'adi, ba mu gani ba. Ranar da ɗayanmu ya so ya nuna wa ɗansa shafin, sai ya tarar da fili fetal. Muka koma kan faifan filofi, sun riga sun lalace. Muka nufi rumbun Internet Archive, wanda tun 1996 ya ke adana kwafin shafuka, muka sami shafin farko kaɗai, da jerin sunayen hirarraki waɗanda in ka danna ba sa kai ka ko'ina. Dattawan nan kuwa, babu ko ɗaya da ya rage a raye. Allah ya jiƙansu. Sun ba mu amana, mun ajiye ta a gidan haya, laifin kuma namu ne.

Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. GeoCities, wanda ya ba miliyoyin mutane filin gina shafi tun 1994, an rufe shi a watan Oktoba na 2009. Manhajar Flash, wadda aka yi shekaru ana ƙawata shafuka da ita, an daina tallafa mata a ƙarshen 2020, abin da aka gina a kanta da yawa ba ya buɗuwa yanzu. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ku dubi inda tarihin garuruwanmu ya ke zaune a yau: hotunan hawan salla, da wa'azin malamai, da ta'aziyyar manya, kusan duka suna Facebook da WhatsApp da TikTok. Ba mu ce ku bar su ba, kasuwa ce, dole a ci ta. Amma mai hankali ba ya mai da rumfar kasuwa rumbunsa.

Abin da ya rage gare ku

Jama'a, ga roƙonmu, musamman ga waɗanda suka fara aikin gwamnati. In an kawo muku shafi don ku karɓa, kada ku gwada shi a kwamfutar ofis. Ku ari waya mafi araha a gidanku, ku tafi da ita Maigatari ran Alhamis, lokacin da kasuwa ta cika layi ya yi nauyi, ku buɗe a can. In ya buɗe, ku biya ɗan kwangila. In bai buɗe ba, aiki bai ƙare ba. Sanarwa kuma a rubuta ta da haruffa, a daina ɗaukar hoton takarda ana liƙawa, domin hoto ya fi nauyi, ba a iya nemo kalma a cikinsa, manhajar da ke karanta wa makaho ma ba ta iya karanta shi.

A yi Hausa, a yi ta da ƙugiyarta, a kuma ba wanda ya san ƙa'idar rubutu ya duba kafin a saki. Sunan shafi haya ce ta shekara-shekara, sabo da haka a yi rajistarsa da sunan ofis, a ƙarƙashin .ng da hukumar NiRA ke kula da shi, a rubuta ranar sabuntawa a fayil. Mun sha ganin shafin da ya mutu don kawai an yi wa ma'aikacin da ya san kalmar sirri canjin wurin aiki. Duk abin da ke da daraja kuma a ajiye kwafinsa a wuri fiye da ɗaya, ɗaya daga ciki a takarda. Muna da Kwalejin Ilmi a Gumel, tana da ɗakin karatu.

Ku kuma ɗalibai, hutu na tafe. Kowannenku yana da kaka ko kawu wanda ya san abin da babu shi a kowane littafi. Rakodar da ke wayarku ta fi tamu sau dubu, ba ta kuma bukatar kaset. Ku zauna da su, ku ɗauka, ku rubuta, ku adana. Ku duba abin da aka rubuta game da garuruwanku a Wikipedia ta Hausa, in kun ga ya yi kaɗan ku ƙara, da hujja. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, ba wanda zai taso daga wata uwa duniya ya rubuta mana Gagarawa.

Wataƙila wani zai tambaya, yaya aka ƙare da shafin Baffa? Mun koma mun rushe shi. Muka bar sunansa, da kayan da ya ke sayarwa, da lambar wayar wani maƙwabcinsa mai salula, da ranar kasuwa, baƙin rubutu a kan farin fili. Kafin ka ƙyafta ido ya buɗe. Ba za mu ce ya azurta shi ba, domin Baffa ya ci gaba da cinikinsa yadda ya saba har Allah ya karɓi abinsa. Amma ranar da muka nuna masa, ya sa aka karanta masa daga farko har ƙarshe, ya gyaɗa kai ya ce, "Yanzu kun yi aiki." Mun tsara shafuka masu yawa bayan wannan, wasu an biya mu da kyau, amma har yau da wannan ma'auni mu ke auna su.

Shugaban taro, mun ga lokaci ya ja, ga kuma masu tambaya suna jira. Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure ku yafe mana. Allah ya ba ku sa'ar karatu, ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.